Tsibirin Farasan: na ga barewa, na sha tafiya

Mu Kanawa in an ce Saudiyya, Makka da Madina muke nufi, sai kasuwannin Jidda. Bayan Umara na ƙara wa tafiyata Farasan, tarin tsibirai a Bahar Maliya, kimanin kilomita 40 daga garin Jazan, can kudu kusa da iyakar Yaman.

Daga Jazan ake hawa babban jirgin ruwa, kuma kyauta ne, har da mota. Sai dai a karɓi tikiti da wuri, don kujeru na ƙarewa.

Barewa ce ta kai ni. Farasan na cikin wuraren da barewar Larabawa ta fi yawa, ita ce ma ɗaya daga dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tsibiran cikin yankunan da ake kare halittunsu a 2021. Ba gidan zoo ba ne irin namu na titin Zoo Road, babu mai kawo maka ita gabanka. Sai ka yi sammako bayan sallar asuba, ka taka a hankali cikin ƙaya da tsakuwa, ka yi shiru. Da rana ta ɗaga sun shige inuwa. Waɗanda na gani ƙanana ne, masu tsananin tsoro, kuma wallahi ganinsu a sake ya fi min komai daɗi a tafiyar. Daga nan muka shiga kwale-kwale zuwa dajin Ƙandal, inda itatuwa suke tsiro cikin ruwan gishiri, ga kwasa-kwasa da shaho mai kamun kifi.

Ƙauyen Al-Ƙassar ma ya cancanci a taka, da gidajensa na dutsen murjani da itatuwan dabino, haka gidan Rifa'i, attajirin lu'ulu'u, mai zanen bango da zai tuna maka adon tsofaffin gidajen cikin birni.

Inda aka ɓata min rai, direban da muka yi ciniki da shi ya makara har safiya guda ta wuce mu. Ba mota kuwa ba ka zuwa ko'ina, wuraren da nisa tsakaninsu, kantuna kuma sai cikin gari.

Mai son sayayya kada ya wahalar da kansa. Mai son tafiyar ƙasa da kallon halittar Allah ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, don zafin can haɗe yake da gumi, ba irin namu busasshe ba. A riƙe ruwa da yawa da takalmi mai kauri, dutsen murjani yana yanka ƙafa.