Sharhi kan rumbun KEGG ga mai nazarin JNK da p38 a kansar ciki da hanji

Duk ɗalibin likitanci ko mai binciken da ke son fahimtar yadda ƙwayar halitta ke mayar da martani idan ta shiga matsi, sakamakon kumburi ko guba ko lalacewar DNA, zai amfana da rumbun bayanai na KEGG, wanda Farfesa Minoru Kanehisa ya kafa a Jami'ar Kyoto ta Japan a 1995. Masu harkar ilimi suna duba shafinsa kyauta, kuma taswirorinsa ba su cin data sosai.

Taswira mai lamba hsa04010, wadda ke nuna hanyoyin da furotin irin su JNK da p38 ke isar da saƙo a cikin ƙwayar halitta, ce ta fi burge ni. A cikinta ana ganin yadda sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1 ke tayar da saƙo, furotin masu suna MKK4 da MKK7 su kunna JNK, MKK3 da MKK6 kuma su kunna p38, har saƙon ya kai ga c-Jun, furotin da ke kunna wasu ƙwayoyin gado. Furotin ɗin ɗan Adam na cikin koren akwati, kuma da zarar ka danna shi sai bayanin ƙwayar gadonsa ya fito. Daga nan mutum na iya leƙa taswirar kansar babban hanji, hsa05210, da ta ciki, hsa05226, da kuma hsa05120 wadda ke nuna yadda ƙwayar cutar Helicobacter pylori ke tsokanar waɗannan hanyoyi a fatar cikin tumbi.

Sai dai kibiyar da ke haɗa akwatunan taswirar tana nuna wanda ya kunna wani ne kawai, ba ta faɗin abin da zai biyo baya, kuma a nan gizo ke saƙar. Binciken da ɗakin gwajin Angel Nebreda na Barcelona ya wallafa a 2014 ya nuna cewa, a jikin ɓeraye, p38 alfa, wani nau'i na p38, yana kare bangon hanji tare da hana ƙari tasowa daga kumburi, amma idan ƙarin ya riga ya kafu, shi ne kuma yake taimaka masa ya rayu. Wannan fuska biyu ita ce zuciyar lamarin ga mai tunanin haɗa magani, domin toshe p38 na iya zama alheri ko illa gwargwadon matakin cutar, kuma taswirar ba ta bayyana hakan.

A ganina KEGG ya cancanci yabo a matsayin mashigi, musamman ga malamin da ke shirya darasi, amma wanda zai rubuta kundin digiri sai ya haɗa da karanta ainihin maƙalolin bincike a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci na intanet.