Nîmes ko Arles? Ɗan'uwa, hau jirgin Nîmes

Malam, ka tambaya wanne za ka je tsakanin Nîmes da Arles, garuruwa biyu na kudancin Faransa masu kayan tarihin Rumawa. Tunda Asabar ɗaya ka ce za ka ware daga Montpellier, kada ka raba ƙafa. Nîmes za ka je. Jirgin ƙasa bai wuce rabin awa ba, kana sauka tasha ka bi titin da ke gabanka, da ƙafa za ka isa dandalin Rumawa, tsohon filin kallon wasanninsu.

Abin da ya sa na fifita shi, dandalin da gidan tarihin Rumawa na garin suna kallon juna ne, tsallaka titi kawai za ka yi. Dandalin an gina shi wajen shekara ta 100 miladiyya, yana cin mutum kusan 24,000, tsayinsa mita 21. Da na kai yarana, sai da muka hau can saman matakalar duwatsun. Ƙaramin nawa ya tsaya yana leƙen filin da ake gwabza faɗa a da, ya tambaye ni ta ina ake fito da namun dajin. Muka sauka muka bi ta cikin rumfunan ƙasa masu sanyi, ya ƙi yarda mu fita sai da muka zagaya su kaf.

Gidan tarihin, Musée de la Romanité, sabo ne, a 2018 aka buɗe shi. Kada ka yi saurin wuce daɓen nan da aka tono a garin, na ƙananan duwatsu masu launi, kowane dutse bai fi ƙwayar masara ba, an jera su har sun fitar da fuskar mutum da gashin tsuntsu. Ka kuma nemi kuɗin tagulla mai hoton kada ɗaure da sarƙa a jikin dabino. Tunawa ce da cin Masar da Augustus, sarkin Rumawa, ya yi, kuma hoton nan ne alamar garin har yau, za ka gan shi ko a kan titi. Daga nan ka hau rufin ginin, dandalin gaba ɗaya yana gabanka. In da sauran ƙarfi, Maison Carrée, tsohon gidan bautar Rumawa, ba nisa, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2023.

Arles kuwa, to, ba laifi. Gidan tarihinsu yana da kwalekwalen Rumawa mai tsawon mita 31 da aka ciro daga kogin Rhône a 2011, wannan kam abin gani ne. Amma yana can gefen gari, nesa da nasu dandalin Rumawan, ni dai tafiyar cikin rana da yara ta fitar mini da son wurin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da tikiti a intanet. Su ne ke fara fitowa idan ka bincika, da sunan wai ba za ka bi layi ba, sai su ɗora kuɗinsu a kai. Ka saya a ƙofa ko a shafin wurin na ainihi, akwai tikiti ɗaya da ya haɗa dandalin da Maison Carrée da hasumiyar Tour Magne. Kuma ka duba ranar kafin ka tashi, don lokacin bikin wasa da bijimai da kiɗe-kiɗen bazara ana cika dandalin da kujeru da kayan sauti, wani lokacin ma a rufe shi ga masu ziyara.