Hattara da masu tallan "AirPods na gwanjon kwastam" a Facebook da WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya sami ƙanwata a watan jiya ne ya sa na rubuta wannan, domin na tabbata ba ita kaɗai ba ce, kuma mutumin bai daina ba.

Ɗaliba ce, yawancin karatunta a waya take sauraro, ga hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai. Ta daɗe tana neman iyafis na bulutut mai toshe hayaniya, wanda ba zai dame ta a kunne ba. Sai ta ci karo da wani shafi a Facebook yana tallan AirPods Pro, wato iyafis na kamfanin Apple, a kan naira dubu 28. Mai shafin ya ce kwantena ce jami'an kwastam suka kama a Legas aka yi gwanjonta, shi ya sa kayan suka yi araha, kuma saura guda bakwai. Ya tura mata bidiyo ta WhatsApp: ga kwali a cikin leda, ya buɗe murfin kusa da iPhone, hoton iyafis ɗin ya fito a fuskar wayar. Ya ce ta tura rabi, sauran idan kaya sun iso. Da ta tura, washegari wani ya kira ya ce shi ne direba, ba zai ɗauko saƙon ba sai an biya kuɗin mota. Ta biya. Da kaya suka iso tasha ta cika ragowar.

Da ta kawo min na gani, wallahi kwalin kaɗai zai iya ruɗar kowa. Amma da na sa a kunne magana ta ƙare. Sautin kamar daga cikin gwangwani yake fitowa, muryar mai karatu ta dusashe, in an ƙara sauti sai ya riƙa tsatsa. Na kunnen hagu ba ya kai minti 40 sai ya mutu. Robar bakinsa tauri gare ta, kafin ta gama sauraron darasi ɗaya kunnenta ya yi zafi. Da ta yi wa mai shafin magana sai ya toshe lambarta.

Ga inda nake so mu tsaya sosai, domin nan ne ake cin mutane. Hujjoji biyu suke nunawa, kuma duka biyun ba hujja ba ne. Na farko shi ne hoton nan da ke fitowa a iPhone idan an buɗe murfi. Masu ƙera jabu sun daɗe da kwaikwayonsa, suna sa wa kayansu ƙwaƙwalwar da ke yi wa waya gaisuwa irin ta na asali. Shi ya sa tun daga iOS 16, wato manhajar da ke tafiyar da iPhone, a shekarar 2022, Apple ya ƙara wani saƙo da ke gargaɗin cewa ba a iya tantance wannan AirPods ɗin ba. To amma rashin fitowar saƙon ba ya wanke kaya, tunda akwai jabun da ke tsallake shi. Na biyu shi ne lambar da ke jikin kwali. Za su ce maka ka duba ta a shafin Apple, ka duba kuma ka ga tana nan. Lambar ta gaskiya ce, daga jikin na asali aka kwafe ta, aka buga a kwalaye masu yawa. Ƙanwata ta duba, ta ga ta fito, hankalinta ya kwanta, ashe nan aka gama da ita.

Maganar gwanjon kwastam kuwa labari ne kawai na rufe bakin mai tambayar dalilin araha. Kuɗin AirPods Pro a Amurka dala 249 ne. Ku lissafa da canjin yau, ku ga ko akwai ɗan kasuwar da zai sayar da shi dubu 28. In da gaske yana da su, a kasuwannin waya na Farm Centre ko Beirut Road a Kano za a kwashe su kafin azahar, ba sai ya bi ɗalibai a WhatsApp ba.

Abin da ba za su iya kwaikwaya da araha ba shi ne aikin da kunne ke ji. Don haka kada ka biya kuɗin iyafis ɗin da ba ka sa a kunnenka ba. Tsaya a bakin shago inda janareto ke ƙara, ka kunna toshe hayaniya ba tare da ka sa komai yana kaɗawa ba. Na gaske yana da makirfo da ke ɗaukar ƙarar waje ya soke ta, za ka ji gurnanin janareton ya ja baya nan take. Jabu zai yi ɗan ƙara kamar ya sauya, amma komai na nan yadda yake. Sannan ka sa karatu ko muryar da ka sani sosai, ka ji ko haruffa na fita tas. Ka kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka.

Sai zaman kunne, wanda mutane ke rainawa. Iyafis mai kyau yana zuwa da robobi ƙarama, matsakaiciya da babba, masu laushi. Idan robar ta yi maka ƙanƙanta iska na shiga, sautin ganga ya ɓace, sai ka yi ta ƙara sauti. Nan ne cutarwar da ta fi asarar kuɗi take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce awa 40 a mako yana sauraron ƙarar da ta kai desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti), kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ka bar shi a kunne ko minti goma ne, ka yi magana, ka tauna, ka girgiza kai. In ya fara ciwo ko zamewa, ba naka ba ne.

Ni a ganina, wanda kuɗinsa bai kai na Apple ba bai kamata ya ji wani abu ba. Ya sayi na kamfanin da ke amsa sunansa, irin su Oraimo, JBL ko Soundcore, a shagon da zai iya komawa gobe, ya karɓi rasit. Su ma ana yi musu jabu, don haka gwajin kunne na nan daram.

Mun kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗin da hotunan hirarsu, muna jira. Sunan da ke kan asusun ma daban yake da sunan da ya faɗa mata, kuma lambar "direban" a kashe take tun ranar. A unguwarmu kaɗai na samu mutum biyu da suka tura masa kuɗi, su ko kwalin ba su gani ba. Shafin ya sauya suna a makon nan, yanzu agogon hannu yake talla da labarin kwantenar nan dai, har da "saura guda bakwai". Duk wanda ya gan shi ya kai rahotonsa ga Facebook, kuma don Allah a nuna wa ƙanne da 'ya'ya wannan, musamman waɗanda ke makaranta.