Akwatin Jera Magani na Mako: Amfaninsa da Inda Ya Gaza

Maganin hawan jini da na ciwon suga ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a huta. Na kullum ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke sakaci da zarar jiki ya yi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a wani rahoto na 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu cututtuka masu daɗewa ne kawai suke shan magani yadda likita ya tsara. Wannan ne ya sa na saya wa mahaifiyata akwatin roba mai gurbi 14, wato kwana bakwai safe da dare, wanda ake samu a manyan kantunan magani a farashin da bai taka kara ya karya ba.

Babban amfaninsa shi ne yana kashe shakka. Dattijo mai shan ƙwayoyi uku ko huɗu yakan rasa ko ya sha na safe ko bai sha ba, sai ya bari gaba ɗaya ko kuma ya maimaita, kuma duka biyun suna da haɗari, musamman ga mai shan maganin da ke sauke suga. Da wannan akwati kuwa, kallo ɗaya ya isa, domin gurbin da babu komai ya nuna an sha. Mai cika shi ma yana lura da wuri idan magani ya kusa ƙarewa, ya nemo wani kafin a yi fashi.

Sai dai akwatin ba ya kiran kowa, don haka dole a ɗaura shi a kan abin da ba a mantawa. A gidanmu mun haɗa gurbin safe da karin kumallo, na dare kuma da tuwon bayan magariba, abin da ya dace da metformin, wato maganin ciwon suga da ake so a sha tare da abinci don kada ya dami ciki. A watan azumi tsarin yana sauyawa, kuma likita ne ya kamata ya sauya shi, ba mutanen gida ba.

Inda ya gaza a ganina shi ne rubutun kwanakin, wanda haruffan Turanci ne kawai, har da T biyu da S biyu masu rikita wanda bai yi boko ba. Sai da muka liƙa takarda muka rubuta Lahadi zuwa Asabar da ajami. Murafun ma suna saki idan aka daɗe ana buɗewa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne zafi da laima: kwalayen magunguna da yawa suna cewa a adana su ƙasa da digiri 30, alhali zafin Afrilu a Kano yakan wuce 40, kuma ƙwayar da aka ɓare daga ledarta ta rasa kariyarta. Saboda haka kada a cika fiye da na mako guda, a tambayi mai harhaɗa magunguna waɗanda bai kamata a ɓare ba, sannan a ajiye kwalin domin a kansa ranar lalacewa da lambar NAFDAC suke.

Ina ba da shawarar sayensa ga duk gidan da ke da mai jinya irin wannan, da sharaɗin kada a ɗauka ya ɗauke nauyin kula da tukunya. Gishirin da aka yarje wa babba bai kai giram 5 a rana ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ke cikin miya yana cikin lissafin. Mu dai mun rage shi, mun ƙara daddawa da albasa, kuma muna zuwa awon jini a ranar da asibiti ya sa mana.