Manhajar neman fayil: ta cikin kwamfuta ko wadda za ka ɗora da kanka?

Kafin ka biya kuɗin kwamfuta, musamman ta hannu, tambayi mai shago: ma'ajiyarta SSD ce ko tsohuwar HDD mai juyawa? Amsar ita ce za ta nuna maka manhajar neman fayil da za ta yi maka.

Yawancin waɗannan manhajoji fihirisa suke haɗawa. Suna bin fayilolinka ɗaya bayan ɗaya, suna karanta abin da ke ciki, don duk ranar da ka rubuta kalma su miƙo maka takardar nan take. Apple ya sa Spotlight a Mac tun 2005, Microsoft kuma ya haɗa Windows Search cikin Vista. A kan SSD ba za ka ma san suna aiki ba. A kan kwamfuta mai HDD da RAM 4GB kuwa, sai ka ji fanka na ƙugi, komai na jan ƙafa, caji na zubewa, ga shi ba kullum ake samun wuta ba.

Duk da haka, ni dai ina ganin ya dace su zo tare da kwamfutar. Malamin da ya tara jarrabawar shekara biyar a folda ɗaya ba shi da lokacin farautar wata manhaja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sake su su karanta komai. A Windows, bar saitin a Classic, wanda ya tsaya kan Documents, Pictures, Music da Desktop. Enhanced, da ya zo a 2019, duk kwamfutar yake bi. Bar wa masu SSD. Sani kuma cewa akwatin neman Start yana tura abin da ka rubuta zuwa Bing, shafin binciken intanet na Microsoft.

Idan sunan fayil kawai kake mantawa, ɗora Everything na voidtools. Kyauta ne, ba shi da nauyi, jerin sunayen da NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, ke ajiyewa yake karantawa, shi ya sa tsohuwar kwamfuta ma ba ta jin sa. Sai dai a saitinsa na asali ba ya haɗa fihirisar abin da ke cikin takardu.

Mai tarin PDF, ɗalibin digiri na biyu ko lauya, Recoll ya fi masa, don har cikin rubutun yake shiga. A Linux, KDE, ɗaya daga cikin fuskokin aikinsa, na zuwa da manhajar neman fayil Baloo tun 2014. In ya matsa wa ma'ajiya, kashe masa karanta ciki, ka bar shi da sunaye kawai.