Binciken farfaɗo da ƙasa: a Yamai ko a Adar?

Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke shirin rubuta kundinsa a kan zaizayar ƙasa da farfaɗo da gonaki yana da hanyoyi biyu: ko ya zauna a Yamai, ko ya tafi ƙauyukan yankin Adar a jihar Tawa.

Zaman Yamai yana da sauƙi. Malamai suna kusa, ga kuma cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, inda ake tara bayanan ruwan sama da hotunan tauraron ɗan Adam na ƙasashen Sahel. Da kwamfuta kaɗai ɗalibi zai ga inda ƙasa ta sake yin kore cikin shekaru talatin, amma hoton ba zai faɗa masa dalili ba.

Dalilin yana Adar. A can ne aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975 domin tare iska, aka kuma fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da tallafin Italiya. A wajen Illela zai ga tassa, ramukan da manoma ke haƙawa a fako da rani, su zuba taki, su jira damina, har gero ya fito inda a da ko ciyawa ba ta tsira. Manomin ne zai gaya masa wahalar haƙan, da yadda cin rani ke kwashe samarin da za su yi shi. Sai dai tafiyar tana cin kuɗi, kuma damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci.

Ni dai, in kuɗin ya samu, Adar nake zaɓa wa ɗalibi, ya tafi da taswirar da ya samo a Yamai a jakarsa.