Wata takwas da leza a kan fistol ɗina, ga abin da na gani

Ni dai ba sha'awa ce ta sa na ɗaura leza, wato 'yar na'urar nan mai jefa ɗigon haske a kan abin da ake auna, a bindigata ba, ido ne ya tilasta min. Tun da na haura arba'in na fara lura in na miƙa hannu na kalli ɗan tsinin nan na gaba sai ya riƙa yi min hazo-hazo, in na sa tabarau na karatu tsinin ya fito tas amma allon da nake harbi ya dushe, in na cire tabarau allon ya dawo tsinin kuma ya ɓace. Duk wanda ya saba harbi da saitin ƙarfe ya san abu uku ne a gaban idonsa, tsagar baya, tsinin gaba, da abin da yake auna, alhali abu ɗaya kawai ido yake iya gani tar a lokaci guda, shi ya sa masu koyar da harbi kullum maganarsu ita ce ka kafa ido a tsinin gaba ka ƙyale sauran su yi dishi-dishi. To in tsinin ne da kansa ya ƙi fitowa fa? Nan na tsaya, kuma abin ya dame ni sosai don harbin allo wasa ne da nake so tun da daɗewa.

Fistol ce mai cin harsashi 9mm, da lasisinta, a filin koyon harbi nake amfani da ita. Tana da ɗan layin nan a ƙarƙashin baki da ake maƙala fitila ko leza, irin tsarin Picatinny da sojojin Amurka suka amince da shi a 1995, don haka ɗaurawar ba ta ɗauke ni minti biyar ba. Mai jan haske na fara saya. Ranar farko a ɗakin harbi na cikin gida wallahi daɗi ya kama ni, ga ɗigon ja ɗas a kan takarda, ba sai na runtse ido ɗaya ba, ba sai na nemi tsini ba, idona biyu a buɗe ina kallon allo kawai. Amma a ranar ne kuma na ga abin da ban taɓa gani ba a duk shekarun da na yi ina harbi, wato rawar hannuna. Ɗigon nan bai tsaya wuri ɗaya ba ko na daƙiƙa ɗaya, yana ta zagaye kamar ƙuda a bakin kwano, kuma da zarar na fara jan kunama sai in ga ya zame ƙasa ta hagu. Ashe haka nake fisgar kunama tuntuni, saitin ƙarfe ne kawai ba ya nuna min ƙarara.

Wannan shi ne amfanin leza na farko a wajena, kuma har yau shi ne mafi girma. A gida sai in cire gidan harsashi, in duba cikin bindigar sau biyu in tabbatar babu komai, harsasan ma a wani ɗaki daban nake barinsu, sannan in auna wani ɗan tabo a bango in riƙa jan kunama a hankali ina kallon ɗigon. In ya motsa lokacin da ta yi ƙas, na san yatsana ne. Cikin 'yan makonni harbina ya taru wuri guda, har da saitin ƙarfen ma.

Matsala ta fara ne ranar da na fita filin waje da rana tsaka. Daga mita bakwai ina ganin ɗigon da ƙyar, da na ja baya zuwa mita goma sha biyar sai ya ɓace gaba ɗaya a kan baƙin da'irar allo, na tsaya ina lalube da bakin bindiga ina neman ɗigo maimakon in yi harbi, wanda yake gefena da saitin ƙarfe har ya gama zagayensa. Dalilin a fili yake, jan leza tsawon zangon haskensa wajen nanomita 635 zuwa 650 ne, shi kuwa idon mutum da rana ya fi kama haske a kusa da 555, wato wajen kore. Shi ya sa koren leza mai 520 ko 532 yake fitowa fiye da ja nesa ba kusa ba ko da ƙarfinsu ɗaya ne. Sai na canza zuwa kore, kuma gaskiya bambancin a bayyane yake, amma shi ma a ƙwallelliyar rana in ka yi nisa sai ka ƙura ido, kuma yana shan batir fiye da jan. Tsofaffin koren nan masu 532 kuma ba sa son sanyi, haskensu yana raguwa.

A nan ne wasu ke ba da shawarar a buɗe na'urar a sa mata ƙwayar haske mai ƙarfi, ni ma an ba ni shawarar, kuma ina roƙon duk wanda zai karanta wannan kada ya yi. Lezar da ake sayar wa farar hula don saiti ba ta wuce miliwat 5 a ƙarfin haske, ba don rowa aka tsayar da ita nan ba, don ido ne. In ka wuce haka, haske ya daki ƙarfe ko gilashi ya dawo, kafin ka ƙifta yana iya ƙona maka bayan ido, kuma wannan tabon ba ya warkewa, ga shi ba kai kaɗai ba ne a filin, akwai mutane a gefenka. Sannan korayen nan masu araha da ake cirowa daga lezar nuni, wasunsu ba su da matatar da ke tare hasken infrared, hasken da ido ba ya gani balle ya ƙifta ya kare kansa. Ga girgizar harbi kuma, abin da aka haɗa da hannu a tebur ba zai jure bugun fistol ba.

Gyaran da na yi wanda ya amfane ni ƙanana ne. Na farko noti. Bayan harsashi kamar ɗari biyu na ga harbina ya koma gefe, na zaci ni ne, ashe notin da ke riƙe lezar a layi ne ya saki. Na kwance na goge na ɗiga masa shuɗin gam ɗin nan na noti, shuɗi fa ba ja ba, don jan sai da zafi yake kwancewa, tun daga nan bai sake motsi ba. Na biyu goge gilashi, tunda lezar tana dab da bakin bindiga hayaƙin albarushi yana rufe ta, ɗigon ya koma wani faffaɗan tabo, ɗan auduga a tsinke ya ishe ka bayan kowane zama. Na uku makunni. Wadda nake da ita sai ka miƙa yatsa ka danna, kuma sau da yawa ina mantawa. Na taɓa riƙe ta wani, irin wadda makunninta ke jikin mariƙi, tsarin da kamfanin Crimson Trace ya yi suna da shi, kana damƙa tana kamawa, kuma da yau zan sake saya irin wannan tsarin zan nema.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne saita ta, kuma nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Lezata tana ƙasa da ramin bindiga da kusan santimita huɗu, haske kuma miƙe yake tafiya, harsashi kuwa yana sauka a hankali. In ka juya ƙananan notukan nan biyu da alanki, ɗaya na sama da ƙasa ɗaya na hagu da dama, har ɗigo da harsashi suka haɗu a mita goma, to a mita goman nan kaɗai suka haɗu. Kusa da haka harsashi zai faɗa saman ɗigon, in ka wuce kuma hasken ya ci gaba da hawa, a mita ashirin sai ka ga ramin harsashi a ƙasan ɗigon da kusan wannan santimita huɗun ko fiye. Ni daga ƙarshe na ɗora hannuna a kan buhun yashi, na daidaita saitin ƙarfe a mita goma sha biyar, na juya notukan kaɗan-kaɗan har ɗigon ya zauna daidai kan tsinin gaba, sannan na tabbatar da harsashi biyar. Ka lura da wa aka auna wa, da ƙarfen na saita lezar, kuma duk ranar da na je fili da shi nake duba ko ta kauce.

Ba sabon abu ba ne dama, kamfanin Laser Products wanda daga baya ya zama SureFire tun 1979 aka kafa shi, kuma 'yan sandan Los Angeles sun riƙe bindigogi masu leza a gasar Olamfik ta 1984, amma duk tsawon shekarun nan har yau fistol da tsininta da tsagarta take fitowa daga masana'anta. Ƙarfe ba ya cin batir, rana ba ta ɓatar da shi, kuma ba ya sa ka canza kube, ni sai da na nemi sabon kube don tsohon ya ƙi ɗaukar bindigar da lezar a jiki.

Inda leza ta yi min zarra shi ne haske kaɗan, da yamma lis ko a ɗakin harbi mai duhu-duhu, da kuma lokacin da ba ka iya kawo bindiga daidai ido. Ga mai ido irin nawa kuma ta dawo min da jin daɗin wasan, wannan ba zan ɓoye ba. Amma akwai ranar da batir ya mutu ana tsakiyar zagaye, ɗigon ya ɗauke ɗif, na ji hannuna ya tsaya cak na kusan daƙiƙa biyu kafin idona ya tuna da tsinin gaba, kuma tsayawar nan ta tsorata ni, don wata biyu kacal na yi ina dogara da ɗigo har ya fara cinye min abin da na shekara ina koya.

Daga ranar na canza tsari. Na sa an canza min tsinin gaba da mai ɗan zaren haske ja wanda idona yake kamawa da sauƙi, likitan ido kuma ya yi min tabarau da aka auna daidai tsawon hannuna. Yanzu in na je fili kashi biyu cikin uku na harsasaina da lezar a kashe nake harba su, sai a ƙarshe in kunna ta, batir kuma na ajiye guda a jakar harbi, ina canzawa duk wata uku ko bai mutu ba.